Gani Ya Kori Ji: Kumburin Nono a Tsohon Ciki da Maganin da Ake Aiko Mana ta Waya

Daren wata Juma'a ce a watan Nuwamban bara. Ina zaune a ɗakina a Longsight, cikin birnin Manchester, ina fama da babi na uku na kundin digirina, sai ga kiran Yaya ya shigo. Ɗiyar Gwaggo ce, ta girme ni da shekara biyar, gida ɗaya muka tashi a Zariya. Tana aure a Birmingham, a unguwar Small Heath, kuma a lokacin cikinta na fari ya kai mako 34, bayan ta shekara shida tana jira.

Mun gaisa, mun taɓa hirar sanyi da tsadar haya. Sai da muka zo sallama ta ce, "Ke, in za ki taho gobe ki biya ki sayo min hulba da man habbatus sauda."

Na ce, "Lafiya dai, Yaya?"

Ta ce, "Nonona na hagu ne ke ɗan ciwo. Umma ta ce in sha hulba, in gasa wurin da ruwan zafi, in shafa kanwa da man kaɗanya. Ba wani abu ba ne."

Ban tambaye ta kwana nawa ke nan ba. Ban tambaye ta ko jikinta da zafi ba. Na ce to, Allah ya sawwaƙe, na koma kan karatuna. Washegari da safe na biya ta Rusholme, na shiga ɗaya daga cikin shagunan da ke titin Wilmslow, inda ake samun duk wani tsaki da mai da muka sani a gida, na yi sayayyata, na wuce tashar Piccadilly. Wannan daren da na bari ya wuce ban yi tambaya ba, shi ne dalilin wannan rubutu.

Abin da na karanta a jirgi

Daga Piccadilly zuwa New Street tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce. Ni ba likita ba ce, amma karatu ya koya min bin diddigin magana, don haka na buɗe waya na fara duba ko hulba ta dace da mai ciki. Kafin mu isa Stoke hankalina ya tashi.

Ciwon da Yaya ta kwatanta, likitoci na kiransa mastitis, kuma yana da kyau mace ta riƙe kalmar domin ita za ta faɗa in ta buga waya. Kumburi ne a cikin naman nono. Wani ɓangare ya yi tauri, ya ɗau zafi, ya riƙa zugi, galibi a nono ɗaya. Wani lokaci kumburin kaɗai ne, wani lokaci ƙwayoyin cuta ne suka shiga, yawanci wadda ake kira Staphylococcus aureus, wadda dama tana zaune a fatar mutane da yawa, tana jiran 'yar tsaga a kan nono. In ya yi ƙarfi sai zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon gaɓoɓi su biyo baya, kamar mura mai tsanani. In aka bar shi yana iya tara mugunya a ciki, ya zama ƙurji.

An fi ganinsa ga masu jego, a makonnin farko na shayarwa. Ga mai ciki ba kasafai yake zuwa ba, amma yana zuwa, domin tun wajen mako na 16 nono yake fara haɗa dakashi, wato ruwan farko mai kauri. Nauyi da tsami a nono biyu duka abu ne da kusan kowace mai ciki ta sani. Amma nono ɗaya ya yi tauri a gefe guda, ya fi ɗan'uwansa zafi, wannan wani zance ne daban.

A nan na gano wani tarko. Kusan duk shawarar da mutum zai samu a intanet an rubuta ta ne domin mai shayarwa: ki ci gaba da ba jariri nono, ki sha ibuprofen. Mai tsohon ciki ba ta da jaririn da za ta ba, ibuprofen kuma ba nata ba ne. A shekarar 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗin a guji ibuprofen da danginsa daga mako na 20, domin suna iya taɓa ƙodar ɗan tayi su rage ruwan da yake kwance a ciki. A watanni ukun ƙarshe kuma suna iya rufe wata jijiya da ke kusa da zuciyarsa kafin lokacinta. Diclofenac, da yawancinmu muke zuwa da shi daga gida a cikin jaka, ɗan gidan nan ne shi ma.

"Ai bai yi ja ba"

Na tarar da Yaya a kan kujera, ta lulluɓa da bargo biyu, ga hita a kunne, haƙoranta na haɗuwa. Maigidanta ya dawo daga aikin dare yana barci, kuma abin da ta gaya masa shi ne mura ce. Kwana huɗu ke nan da fara ciwon. Ta gasa da tawul mai zafi har fatar ta yi laushi, ta murza wurin da ƙarfi wai don ta fasa taurin, ta kuma gwada matsewa ko wani abu zai fito.

Na ce ta bari in gani. Sai da ta yi jim, sannan ta buɗe. Gefen da ke wajen hammata ya kumbura, yana sheƙi, ya fi sauran fatar duhu, da na kai hannu kuwa kamar na taɓa kofin shayi. Akwai kaluluwa a hammatar. Ma'aunin zafi ya nuna 38.6.

Ta ce, "Na duba a waya, sun ce wurin yana yin ja. Ni nawa ai bai yi ja ba."

Wannan magana ta tsaya min a rai. Hotunan da ke yawancin shafukan lafiya na farar fata ne. A fatarmu ja ba ya fitowa yadda ake zana shi. Wurin yakan yi duhu ne, ko ya yi sheƙi, ko ma launin bai sauya ba sam. Shafin hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, da kansa ya faɗi cewa jan yana da wuyar gani a baƙar fata. Saboda haka hannu ya fi ido aiki a nan: zafi, tauri, zugi.

Na ce, "Yaya, asibiti za mu kira."

Ta ce, "Yau Asabar. Bari Litinin in nemi ganin likita."

Ba likitan unguwa, wato GP, ake jira ba a irin wannan hali. Duk asibitin haihuwa a ƙasar nan, ko Saint Mary's da ke titin Oxford a Manchester, ko Birmingham Women's da ke Edgbaston, ko Heartlands, yana da layin gaggawa na masu ciki da ungozoma ke ɗauka dare da rana, har ranar hutu. Lambar tana cikin littafin awo ko manhajar da aka ba mace ranar da ta fara awo, sau da yawa a ƙarƙashin sunan Maternity Triage. Wadda ba ta ga lambar ba ta kira 111. Wadda numfashinta ke sama-sama, ko ta fara rikicewa, ko ta kasa tsayuwa, 999 ne kai tsaye.

Na kira, na miƙa mata. Ungozomar ta tambayi makon cikin, da zafin jikin, da kwanakin ciwon, da kuma ko ɗan yana motsi kamar yadda ya saba. Yaya ta yi shiru, sannan ta ce tun jiya motsin ya ragu. Ungozomar ta ce mu taho yanzu. Na tashi maigidan, ko wanka bai yi ba muka fita.

Kwana biyu a asibiti

Suka ɗaura mata bel ɗin da ke sauraren bugun zuciyar ɗa, suka ɗebi jini, suka ba ta farasitamol, suka sa mata ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Zuciyar ɗan tana gudu fiye da kima saboda zazzaɓin uwar, sai da zafin ya sauka ta daidaita. Likitar ta yi mana bayani a fili: zazzaɓi mai ƙarfi a tsohon ciki yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci, cutar kuma tana iya shiga jini, abin da suke kira sepsis, wanda ke iya kayar da mace cikin sa'o'i.

Da aka yi hoton nonon aka ga ya fara tara ruwa a wani ɗan wuri. Aka kashe zafin wajen, aka zuƙe mugunyar da sirinji, ba yanka ba ɗinki. Bayan kwana biyu aka sallame ta da ƙwayoyin flucloxacillin, dangin penisilin ne, kuma an daɗe ana ba masu ciki shi. Aka ja mata kunne ta shanye duka ko ta ji sauƙi, ta kuma dawo in abin ya juyo. Aka ba ta ranar komawa asibitin nono don a tabbatar taurin ya baje gaba ɗaya.

Wannan komawar ba ta wasa ba ce. Akwai wani nau'in sankarar mama da ke zuwa da kamannin kumburi, ba da ƙullutu ba. Ba shi da yawa, amma shi ya sa duk kumburin da bai ji magani ba, ko taurin da ya ƙi tafiya, ake son a sake dubawa. Na Yaya ya baje, alhamdulillahi.

Maganin gida: wanne ya tsaya, wanne ya faɗi

A zaman jinyar nan na ɗauki saƙonnin muryar da aka turo wa Yaya daga gida da na maƙwabta, na bi su ɗaya bayan ɗaya, wasu na tambayi ungozoma, wasu na bincika daga baya. Ba duka ne suka faɗi ba.

Gashi da ruwan zafi da murza. Wannan ba mu kaɗai ba ne, har ma'aikatan lafiya sun daɗe suna ba da shawarar haka. Amma a 2022 ƙungiyar likitoci masu nazarin shayarwa, Academy of Breastfeeding Medicine, ta sabunta ƙa'idarta. Bayaninta shi ne naman da ke kewaye da hanyoyin nono ne ke kumbura ya matse su, ba wani toshi ba ne da za a fasa da ƙarfin hannu. Zafi mai yawa na ƙara kumburi, murza mai ƙarfi kuma na ƙuje naman ciki, har ta taimaka wa ƙurji ya taru. Abin da suka fi so shi ne sanyi: ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, a ɗora kamar minti goma, a huta, a sake. In za a shafa, to a hankali, kamar ana shafa kan jariri, daga nono zuwa hammata.

Matsewa. Taɓa kan nono da tatsa suna sa jiki ya saki sinadarin oxytocin, wanda shi ne ke sa mahaifa ta tsuke. Shi ya sa ungozomomi a nan ba sa koya wa mace tatsar dakashi sai cikinta ya kai mako 36 ko 37. A mako 34, da zazzaɓi a jiki, ba abin da za a yi ba ne sai da izininsu.

Ganyen kabeji. Wata maƙwabciyar Yaya 'yar Somaliya ce ta kawo wannan: a sa ganyen a firji, a wanke, a ɗora cikin rigar mama. Cibiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya, ta duba shi a 2020 game da cikar nono ga masu jego, ta ce yana iya rage zugi amma hujjar ba ta da ƙarfi. Ba ya cutarwa in fatar ba ta tsage ba, sai dai ba ya kashe ƙwayar cuta.

Man kaɗanya. Yana da kyau ga busasshiyar fata mai ƙaiƙayi, kuma fatar da ba ta tsage ba ita ce katangar farko. Amma ba ya ratsawa ya kai inda ciwon yake.

Kanwa. Tana da kaifi, tana iya cin fatar da gashi ya riga ya tausasa, balle kan nonon da ya tsage. Sha kuwa ya fi shafawa haɗari, domin cike take da sinadarin gishiri, mai tsohon ciki kuma dama ana sa ido kan hawan jininta. Mu 'yan Zariya muna da tarihi da ita. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun danganta yawan ciwon zuciyar masu jego a yankin da kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Daga baya likitocin zuciya a Kano sun nuna cewa dalilan sun fi haka yawa, amma babu wanda ya ce kanwa mai yawa alheri ce ga mai ciki.

Hulba da habbatus sauda. Ɗan abin da ke shiga girki ba shi ne abin damuwa ba. Dafa hulba a sha kofi-kofi, ko shan man habbatus sauda cokali-cokali, shi ne ake cewa mai ciki ta dakata, domin ana tsoron tasirin hulba a kan mahaifa, kuma babu binciken da ya tabbatar da amincin shansu da yawa a wannan lokaci. Wanda na sayo a Rusholme a jakata ya koma Manchester.

Ragowar kafso. Wata ta ba da shawarar Yaya ta sha kafson nan mai ja da ruwan ɗorawa in tana da shi. Tetracycline ne, kuma an hana masu ciki shi, domin yana shiga ƙashi da haƙoran ɗan da ke ciki ya ɓata launinsu.

Hutu, shan ruwa, rigar mama marar matsi, farasitamol bisa ƙa'ida, addu'a da tofi: waɗannan babu wanda ya yi jayayya da su. Ungozomar cewa ta yi a yi su duka, amma bayan an buga waya, ba a maimakonta ba.

Abin da ke sa mu yin shiru

Da dare a asibiti na tambayi Yaya me ya hana ta magana har kwana huɗu. Ta lissafa min abu uku. Kunya, kada namiji ya duba ta. Tsoro, kada a ce za a ciro ɗan a yi mata bakwaini bayan shekara shida tana roƙo. Na ukun sai da ta juya fuska kafin ta faɗa: wata maƙwabciyarmu a Zariya da ciwon nono ya fara mata, sankara ce, ba ta tashi ba. Yaya ta gwammace kada ta ji.

Ina ganin da yawanmu za su gane kansu a nan. Sai a ƙara da abin da zaman waje ke kawowa: rashin son damun mutane, shakkar Turancin asibiti, da jin cewa ko an je ba za a saurare ka ba. Wannan na ƙarshen ba zargi ne kawai ba. Rahoton MBRRACE, da ake haɗawa a Jami'ar Oxford kan mutuwar mata a ciki da jego, ya nuna a 2018 cewa baƙar mace a Birtaniya ta ninka farar mace sau biyar a wannan haɗari. A rahoton 2024 tazarar ta sauko zuwa kusan ninki uku. Ta ragu, amma tana nan. Darasin da na ɗauka shi ne mu je da wuri, mu je da rakiya, mu faɗi magana da lamba: zafin jikina kaza, kwana kaza ke nan, motsin ɗa ya ragu tun jiya. In ba a gamsar da ke ba, ki sake faɗa, ki nemi ganin babba.

Akwai kuma haƙƙoƙin da ba kowa ya sani ba. Kina iya neman mace ta duba ki, in ba a samu ba a lokacin kina iya neman wata ma'aikaciya ta tsaya tare da ke. Tafinta kyauta ne, ba sai kin dogara da miji ko ƙawa ba a maganar da kike jin nauyinta. Mai ciki a Ingila tana da takardar da ke ba ta magani kyauta har wata 12 bayan haihuwa, ungozoma ce ke cike mata. Ɗalibai da iyalansu sun riga sun biya kuɗin lafiya tare da biza, fam 776 a shekara tun Fabrairun 2024. Ko wadda takardunta ba su daidaita ba, doka ba ta yarda a hana ta kulawar ciki da haihuwa don ba ta biya ba, ko da daga baya za a aiko mata da lissafi.

Abin da Gwaggo ta ce

Ni aka bar wa aikin sanar da Gwaggo, kuma na yi ta juya yadda zan faɗa kada ta ji kamar an ce maganinta ne ya jawo. Na kira ta ranar Lahadi bayan la'asar, na gaishe ta, na zayyana mata komai, har rawar ɗarin da mugunyar da aka zuƙe.

Ta yi salati. Ta ce, "Zazzaɓi? Yarinyar nan ce min ta yi yana ɗan ciwo. Wallahi ba ta ce min da zazzaɓi ba. Ai da ina kusa na ɗora hannuna, ko awa ɗaya ba za ta ƙara a gida ba. Nonon da ya yi ruwa wa ke gasa shi?"

Na daɗe ina tunanin wannan magana. A gida, maganin iyayenmu ba shi kaɗai yake tafiya ba. Wadda ta ce a gasa, ita ce za ta leƙo da safe ta buɗe zane ta duba, ta taɓa goshi, ta ce a'a, wannan ya wuce na gida, a nemo mota. Mu da ke nan saƙon murya ne kawai ke iso mana, shi ma amsa ce ga rabin labarin da kunya ta bari muka faɗa. Gwaggo ta ba da maganin ciwon da aka gaya mata. Ni da nake da halin yin tambaya tun daren Juma'a, hulba na tafi saya.

Yanzu in wata a cikinmu ta ce min wani wuri na ɗan ciwo, ina tambaya: tun yaushe, da zazzaɓi, ɗan yana motsi, wa ya gani da idonsa? Na kuma sayi ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya na bar shi a Small Heath.

Yaya ta sauka a mako na 39, mace, ranar wata Talata da asuba. Ta shayar da ita da nono biyun duka, har da na hagun. Gwaggo ta samu biza ta zo wankan jego, ta iso da ƙullin kanwarta a cikin kaya, muka yi ta ja har muka daidaita a kan ɗan kaɗan a miyar kuka. Allah ya raya mana, ya sauki masu ciki lafiya.